Mai Hoto da Faifansa Biyu

Ɗauke hannunka daga makunnin nan, Malam Habu, ka ja kujera ka zauna. Na ga irin hararar da kake yi wa allon. Kwafar faifai na kan kashi tara cikin ɗari tun hantsi, ranka kuwa sai raya maka yake ka kashe ka kunna. Shekara ashirin ina gyaran waɗannan na'urori, ban ga cutar da ke kashe su kamar ɗan yatsan mai su ba. Bari in ba ka misali.

An yi wani mai ɗaukar hoton biki da suna, gwani ne, kuma ya san shi gwani ne. A gidansa yana da akwatin ajiya irin naka mai faifai biyu, duk abin da aka zuba a ɗaya sai ya kwafu a ɗayan, don in wannan ya mutu wancan ya riƙe amana. A cikin dubban hotunan amaren mutane akwai wani ɗan bidiyo na minti huɗu da yake nasa ne shi kaɗai. Matarsa ce take yi wa jaririyarsu wanka a baho, tana 'yar waƙa, tana ce masa ya kawar da kyamarar nan ya miƙo mata tawul. Bayan wata uku Allah ya karɓi ran matar. Mutumin bai ƙara buɗe bidiyon ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Yarinya ta girma har ta shiga makarantar kwana. Ran nan ta bugo masa waya ta ce, "Baba, wai yaya muryar Mama take?" Ya ce ta bari, ranar Juma'a in ta zo hutu za ta ji da kunnenta.

Ranar Litinin ya je duba akwatin, sai ya tarar da jar wuta tana ƙiftawa. Faifai ɗaya ya mutu, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ya sayo sabo ya saka, na'ura ta fara kwafe kayan tsohon zuwa sabon. Wuni guda cur, kashi shida. Ya daure ya gwada buɗe bidiyon, ya buɗu, amma yana tafiya yana tsayawa, murya na yankewa, saboda akwatin na fama da aikin kwafa. Nan da nan ya rufe. To a nan ne fa nake jin haushinsa har yau. Da ya sa ɗan filashi ya kwashe minti huɗun nan, da magana ta ƙare. Amma shi a sana'arsa bai taɓa miƙa wa amarya bidiyo mai cijewa ba, balle 'yarsa. Ya ce sai an gama kwafa, wuta ta koma kore, sannan za a kalla sumul.

Sai ya shiga neman abin da ya hana sauri. Ya canza wayar da ta haɗa akwatin da intanet ɗin gida. Ya fito da shi daga kabad ya kafa masa fanka. Ya cire wayoyin 'yan gida daga layin, har aka yi ta gunaguni. Duk wannan ba laifi. Laifin shi ne, bayan kowane gyara sai ya kashe ya kunna, don haka muka saba yi wa waya da talabijin, kuma sau da yawa sukan ji. Wannan kuwa duk kashewa sai ƙidaya ta koma sifili. Bai gane cewa nawar daga tsohon faifan take ba. Tare aka saye su da wanda ya mutu, shi ma ya gaji, akwai wuraren da sai ya karanta sau goma kafin ya wuce. Kamar a ɗora wa dattijo buhu ne ya hau tudu, in ya kai rabi a ce bai yi sauri ba, ya sauko ya sake. Sau bakwai ya yi masa haka cikin kwana huɗu. Ranar Alhamis da la'asar ya kunna na takwas, sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas, daga nan shiru.

Ni aka kawo wa akwatin da safiyar Juma'a, a naɗe cikin darduma. Tsohon faifan ya tafi, allurar karatunsa ta kankare fuskarsa. Sabon kuma kashi huɗu ne a kansa, gutsattsari da ba sa haɗa ko hoto ɗaya. Na gaya masa gaskiya.

Daga baya shi da bakinsa ya ba ni labarin sauran. Yarinyar ta iso, ko jaka ba ta kwance ba ta zo ta zauna gabansa. Da ya faɗa mata ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "To Baba, kai ka kwatanta min. Siririya ce ko mai kauri?" Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tarar shi ma ya manta. Shekara goma sha uku yana jin muryar na nan a ajiye, shi ya sa bai riƙe ta a ransa ba.

Wallahi tausayinsa nake ji, Malam Habu, ba mugu ba ne, mai kyau ya so ya ba 'yarsa. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira a rasa ido.