Abincin Cikin Leda

Helen ta fizge kwanon wake daga hannun surukarta. "Mama, so kike ki kashe min miji?"

Tun da ƙodar mijinta Timothy ta lalace, likita ya ce a rage masa wake da gyaɗa, sai Helen ta ɗauka duk abincin gona ne ke cutar da shi. Kullum sai ta shiga mota daga Kwali zuwa babban kanti, ta sayo masa tsiren Turawa na leda da lemon kwalba baƙi, irin cimar manya.

Jikinsa ya kama ƙaiƙayi, ƙashi na ciwo. Ta ƙara yawan sayayyar.

Ranar da zuciyarsa ta tsaya, likita ya tambayi abin da yake ci. Ta zazzage jakarta. Ya juya ledar, ya nuna mata wani ƙaramin rubutu da ba ta iya karantawa.

"Madam, wannan sinadarin muke ta wanke masa daga jini. Na leda ya fi na wake shiga jiki."

A wajen jana'izarsa surukarta, wadda ba ta san abin da likita ya faɗa ba, ta rungume ta gaban jama'a, tana kuka.

"Ku taya ni gode wa yarinyar nan. Ba don abincinta ba, da ɗana bai daɗe haka ba."