Addu'ar Daƙiƙa Tara

Tun da aka sallami alƙalan wasa, na'ura ke hukunci. In mai tsaron raga ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa shida, awarwaron hannunsa ya yi ƙara. Sau uku, an dakatar da shi. Yayana Nafi'u yana da biyu, domin ba ya sakin ƙwallo sai ya karanta addu'ar da Inna ta koya masa, mai cin daƙiƙa tara.

Ko a hutun sanyi ba a cire awarwaron. A tsakar gida yake gwaji, ina ƙirga masa.

"Takwas, Yaya."

"Ƙirga da tausayi mana, Malama mai digiri."

Inna ta ce, "Ka rage ta, Allah yana ji."

"Ko harafi, Inna."

Matarsa ta miƙa masa jaririyarsu. A daƙiƙa ta shida awarwaron ya yi ƙara, hannayensa suka buɗe da kansu. Ni na cafe ta.

Ya daɗe yana kallon tafukansa. Ya sake karɓarta, ya karanta mata addu'ar har ƙarshe, ƙarar na tashi.

Ya mayar wa matarsa jaririyar, ya juyo gare ni. "Jefo ƙwallon, Rakiya. Tun yana sama zan fara addu'ar."