Fasto a Gola

Ƙwallo ta sake bi ta tsakanin ƙafafun Fasto ta shige raga, alƙali ya hura usur. Wasan bankwana ya ƙare.

Bara ne shi da matarsa suka zo daga Kanada, wai za su yi mana bishara ta hanyar ƙwallo. Mu 'yan Burazil za a koya wa ƙwallo! Muka danne dariya, muka sa shi a gola.

Yau da aka tashi wasan, Fasto ya zauna a ƙasa, idonsa ya cika da ƙwalla. "'Yan'uwa, shekarar nan ta tafi a banza. Ban koya muku komai ba."

"Su ma sun kasa koya maka, maigida," in ji matarsa. "An tashi canjaras."

Kyaftin ɗinmu, wanda kowa ke tsoron fushinsa, ya durƙusa gabansa.

"Haba Fasto! A da, duk golan da ya zubar mana da wasa a asibiti yake kwana. Kai kuwa ba damar a doki bawan Allah. Duk Asabar sai mun yafe maka, har abin ya bi jikina. Jiya na je na gaida ƙanina, bayan shekaru muna gaba."