Tabon da Ya Kira Basir

Laifin maƙwabcina ɗaya ne: gani yake babu mai gaya masa komai game da dubura, don ya tsufa yana yawo da mota da lasifika a Tudun Wada, yana tallan maganin basir.

'Yarsa ce ta matsa aka yi masa gwajin hanji irin na masu shekaru, wanda ake zura na'ura ta dubura, ni na raka shi. Likita ta ce, "Baba, hanjinka lafiya lau. Amma da zan zare na'urar na ga ɗan tabo a bakin dubura, irin mai rikiɗewa ya zama ciwon daji. Bai zama ba tukuna. Ka dawo mu ƙone shi, a ranar za ka koma gida."

Ya yi dariya. "'Yar nan, basir ne. Tun ba a haife ki ba nake korarsa."

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah ka dawo!"

"Masu sayen maganina su gan ni a layin asibiti? Wa zai ƙara saya?"

Ya sha jiƙonsa, ya shafa, ya yi hayaƙi. Tabon bai yi masa gardama ba, girma kawai ya yi ta yi.

Da ya koma asibiti, a kwance aka kai shi, tabon ya riga ya zama daji. Kuɗin magani ya cinye motar, lasifikar ta bi ta. Sahun gaba a masallaci ya bar shi don kunya. Duburar da ya ce ya fi likita saninta, an yanke an ɗinke. Yanzu jaka ce manne a cikinsa, ƙarƙashin riga, a ciki yake bayan gida.