Ni Za Ka Koya wa Keke?

Kafinta yana tsaka da gyaran ƙafar kujera a ƙofar shagonsa sai ga matarsa ta fito a guje, ko takalmi babu.

"Maigida, Auta! Numfashinta ya sarƙe, kuma abin shaƙar ya ƙare!"

Ya watsar da guduma ya faɗa ɗaki. Auta, ƙaramar 'yarsu mai fama da asma, tana zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyi, ƙirjinta na ƙara kamar usur. Ya girgiza abin shaƙar, ya danna, ya sake dannawa. Wayam. Yarinyar ta ɗago ido ta dube shi, ko "Baba" ta kasa cewa. Hankalinsa ya tashi matuƙa.

Kantin maganin da ke sayar da irinsa yana can kan tudu. Ga shi lokacin tashi daga aiki ne, titi ya cushe, mota ba gaba ba baya. Sai dai a yanke ta hanyar tsakuwa da ke bayan unguwa.

Ana cikin haka sai ga ƙaninsa, malamin makaranta, ya dawo a kan kekensa. Irin keken nan ne mai hannu a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago. Da shi yake zuwa aiki, da shi yake doguwar tafiya lokacin hutu, kwalta da tsakuwa duk ɗaya ne a wurinsa. Kafinta kuwa bai taɓa raga masa ba. Kullum sai ya ce, "Ƙato da kai kana tafiya a duƙe, sai ka ce mai neman allura!" Sau nawa ƙanin ya ce ya zo ya gwada, amma ina, sai dai dariya.

Yau kam fizge keken ya yi.

"Yaya, bar ni in je, na fi ka sabawa da shi."

"'Yata ce. Kai je ka nemo motar da za ta kai ta asibiti."

"To tsaya in nuna maka birkin. Ba irin wanda ka sani ba ne, yana can gaba, kuma ba a damƙar..."

"Ni za ka koya wa keke? Ina hawa kana goye a bayan Inna! Matsa min!"

Ya haye ya tafi. Zuwa dai lafiya lau, don hawan tudu ne, ba ruwan mutum da birki. Ya riƙe saman hannun keken yadda ya saba riƙe na da, yana taka feda yana haki. A ƙofar kanti da ƙafa ya tsaya. Ya karɓi magani, ko leda bai jira ba, ya cusa a aljihun gaban riga ya juyo.

Dawowar ce gangara. Keken ba shi da nauyi, nan da nan ya ɗauki gudu irin wanda kafinta bai taɓa gani ba. Da farko har daɗi ya ji, yana cewa a ransa, "Auta, yi haƙuri, ga ni nan." Sai ga kwana a gabansa, ga babbar kwata a gefe. Ya matse yatsu don ya ja birki, ya ji iska ya kama. Babu komai a ƙarƙashin hannunsa.

"Wayyo Allah!"

Ya hango birkin can gaba a kan lanƙwasar. Ya saki hannu ɗaya ya kai masa cafka, ya damƙe iya ƙarfinsa. Ashe na gaba ne. Taya ta ƙame a kan tsakuwa, keken ya cilla shi sama, ya faɗo a kan kafaɗa. Da kunnensa ya ji ƙashi ya ce ƙas.

Bai bi ta kan ciwon ba, aljihu ya fara lalubawa. Babu. Maganin ya yi tsalle ya faɗa kwata. Ya ja jiki ya shiga baƙin ruwan nan har gwiwa, yana lalube da hannu ɗaya, ɗayan na reto, yana kuka wiwi kamar ƙaramin yaro. Mutane suka taru suna jan sa, yana fizgewa.

"Ku ƙyale ni! Ba ni ba ne, 'yata ce! Don Allah wani ya sayo min wani!"

Kafin su gane abin da yake nufi, kafin wani bawan Allah ya hau tudun ya dawo da sabo, rana ta yi sanyi. Aka tallafo shi zuwa gida, ya ƙanƙame maganin a ƙirji.

A ƙofar gida ya tarar da ƙaninsa a tsaye, motar da ya samo tana gefe a kashe. Kafinta ya miƙa masa maganin.

"Maza kai mata."

Ƙanin bai karɓa ba. Ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Daga cikin ɗaki sai kukan matar kafinta. Auta ta riga ta cika.

Jama'a, sanin tsohon abu ba shi ne sanin sabo ba. In aka ce a nuna maka, ka tsaya ka saurara, ko da wanda ka girma ne, ko da sauri kake yi. Girman kai na ɗan lokaci yana iya raba mutum da abin da ba zai taɓa dawowa ba.