Sai Take Ya Kwana

Mai Take ya sake duƙunƙune takarda ya jefa kwando, ko kwandon ma bai samu ba. Tun safe yake neman jimla ɗaya tak wadda kamfanin ganyen shayi zai buga a kwalinsa, amma kansa fayau, kamar tukunyar da aka wanke aka kife.

Abin da ciwo. Shi ne fa ya rubuta wa masu katifa "Kwanta da gajiya, tashi da ƙarfi", har yara suka mai da shi waƙar wasa. Shi ya ƙirƙiro wanda ke rataye a bangon ofishin nan, "Fara kawai, ƙafa za ta biyo", wanda direbobi ke rubutawa a bayan mota, ɗalibai kuma ke liƙawa a saman gado lokacin jarrabawa. Yau ga mai maganar zaune a ƙarƙashin maganarsa, ya fara, ƙafar ta ce ba da ita ba.

Kuma ya san abin da ke jiransa. A wannan sana'ar ba a tuna aikin jiya. Ranar da ka kasa, ranar za a ba wani kujerarka, kai kuma ka koma gida ka dubi idon mace mai goyo ka ce mata an sallame ka.

Makulli ya juya a ƙofa, Manaja ta shigo da tire. Dattijuwa ce, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Ba ta da faɗa, amma ba ta barin mutum ya sha iska, motsi kaɗan sai ka gan ta a kanka. Ta ajiye masa shayi da ƙwayoyin magani a ɗan faranti.

"Malam, a sha tun da zafi."

"Ranki ya daɗe, a ƙara mini lokaci. Ya kusa fitowa."

"Ba mai korar ka," in ji ta.

Haka manyan ofis ke cewa ana gobe za su kori mutum. Ya haɗiye maganin don kada a ce ya cika gardama. Wayar da ke kan teburinsa ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba yau, shi kuwa ya san ma'anar hakan: an fara kai aiki wani teburin.

Ya kurɓi shayin. Sukarin daidai, madarar daidai, sai ka ce da bakinsa aka auna. Ɗumin ya sauka a ƙirjinsa, sai maganar ta faɗo masa ɗungurungum, yadda masu kyau ke zuwa.

"Kurɓa ɗaya, ka dawo daidai."

Kafin ya kai ƙarshe ya ga leɓenta na motsi tare da nasa. Abin ya ɗan ba shi haushi, don ya tsani masu ƙarasa wa mutum zance. Ta runtse ido, ta ce, "Ya yi, Malam. Ya yi ƙwarai."

Sai dai yabon manaja ba ya sayar da shayi. Mai Take na da ƙa'idar da bai taɓa karyawa ba: ba ya miƙa take sai ya kwana. Da yamma zai faɗa wa matarsa sau ɗaya, a daidai lokacin da hankalinta ke wani wuri, tana guga ko tana yi wa jaririya wanka, kuma ba zai maimaita ba. In gari ya waye ya ji ta tana faɗarsa ita kaɗai a kicin, taken ya rayu. In ta manta, ya yaga. Duk wanda duniya ta haddace, ita ta fara haddace shi.

Ya miƙe yana laluben aljihu. Babu makullin mota. Ya duba ƙarƙashin tebur, babu takalmansa.

"Zan je gida in gwada shi, gobe da sassafe in kawo."

"Bari a tashi tukuna."

"Yaushe ake tashi a ofishin nan?"

Sai ta matsa ta tsaya tsakaninsa da ƙofa. Ya ɗaga murya, ya ambaci shekarun da ya yi yana bauta wa kamfanin, ya ce ko fursuna ana barin sa ya ga iyalinsa. Da faɗan ya ƙare masa sai ya koma roƙo, wanda ya fi faɗan ban tausayi. Ya ce yarinyarsu ta kwana da zazzaɓi. Ya ce matarsa ba ta cin abinci sai ya dawo, yanzu haka tana bakin taga.

"Ba ki san ta ba ne, ranki ya daɗe. Ba ta iya jira ba."

"Za ta jira," in ji Manaja a hankali.

Ya ci gaba da roƙo. Ta kama hannunsa ta kai shi doguwar kujerar da ke gefe, ta gyara masa filo. Ya kwanta yana maimaita taken a ransa, cike da tsoron kada ya ɓace masa kafin ya isa gida.

Ta ɗauki tiren ta fita, ta murɗa makulli. Ƙamshin suyar albasa ya cika barandar. Wata mata na tsaye riƙe da ludayi, ɗanta na jan zanenta.

"Umma, yau Baba ya gane ki?" in ji matar.

Dattijuwar ta girgiza kai, ta jingina da ƙofar. "Na shayin nan ya sake samowa. Yana so ya tafi gida ya ga ko zan tuna."