Dokin da Ya Je Neman Aure

"Umbu Ndilu, zo ka kwance dokinka daga ƙofar gidana!" in ji tsohuwa Rambu Kahi.

Ko motsi maƙwabcin nata bai yi ba. "Haba Iya, ciyawa ai ta Allah ce. Ke da ba ki da haƙori, ci za ki yi?"

Rani ya tsananta, ciyawar nan kaɗai ta rage wa awakinta, ga ɗan dokinsa kullum yana kwashewa.

Washegari sai ga ta a gidansa da dattawan ƙauye. Ta ci ado, ta shimfiɗa masa sabon zane saƙar hannu.

"Na amince," ta ce, tana sunkuyar da kai kamar budurwa.

"Da me?"

Wani dattijo ya yi gyaran murya. "A nan tsibirin Sumba aka haife ka, ka san al'ada. Wanda ya ɗaure doki a ƙofar mace ya ƙi kwancewa, ai aure yake nema."

Umbu Ndilu ya zabura. "Na fasa! Yanzu zan kwance!"

"Zauna, angona," ta ce. "Mai fasawa ba ya karɓar kayansa. Ko ka kwashe mu mu biyu, ni da dokin, ko ka bar min dokina."